NAZARI: Daga takarda zuwa iska: Me ya sa kafa rediyon al'umma ke cin shekaru a Najeriya?

A watan Satumban 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Dandume. Manufar ita ce a toshe hanyar da 'yan bindiga ke magana da masu kai musu rahoto. An shafe kusan wata uku ana cikin wannan hali. A tsawon lokacin, manomin da ke gefen dajin Rugu bai da hanyar kiran ɗan'uwansa, bai da hanyar sanin ko titin da zai bi da safe lafiya yake. Akwatin rediyonsa mai batir ne kaɗai bai mutu ba. Sai dai abin da akwatin ke kawo masa daga Landan ne, ko Kaduna, ko birnin Katsina. Ya kan ji abin da ya faru a Majalisar Ɗinkin Duniya kafin ya ji abin da ya faru a ƙauyen da ke bayan gonarsa.

Wannan giɓi shi ne aikin da aka ƙirƙiri rediyon al'umma domin ya cike: ƙaramar tashar FM wadda mutanen wuri suka mallaka, suke gudanarwa da kansu, ba domin riba ba, zangonta kuma bai wuce garuruwan da ke kewaye da ita ba. Katsina ta san amfanin irin wannan murya tun kafin a ƙera rediyo. Hasumiyar Gobarau, wadda tarihi ke danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ba kiran salla kaɗai aka yi a kanta ba. Daga samanta ake hango maharan da suka tunkaro birni a sanar da jama'a. A yau, idan mutanen unguwar Gobarau ko na garin Batsari suka haɗa kai suka ce za su kafa tashar da za ta yi musu wannan aiki, sai sun jira amincewar da ke fitowa daga ofishin shugaban ƙasa, ba tare da an faɗa musu ranar da za ta fito ba. Idan ta fito kuma, sai agogo ya fara juyawa a kansu.

Abin da wannan nazari ke son nunawa shi ne, jinkirin da ake gani wajen kafa irin waɗannan tashoshi ya samo asali ne daga yadda aka tsara dokar kanta. Hukuma ba ta da wa'adin amsa wa mai nema, amma mai nema yana da wa'adin kammala gini. Wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi shi aka ɗora wa nauyin gaggawa.

Inda igiyar ta ƙulle

Har zuwa 1992, gwamnati ce kaɗai ke da gidan rediyo a Najeriya. A wannan shekara gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da dokar soja mai lamba 38, wadda ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Raypower ta fara watsa shirye-shirye a Legas a 1994, Freedom Radio ta biyo baya a Kano a ƙarshen 2003, daga nan tashoshin kasuwanci suka yi ta bunƙasa a biranen Arewa.

Amma ƙofar da aka buɗe tana da sakata a sama. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa da mallakar kafar yaɗa ra'ayi, sannan a ƙaramin sashe na biyu ya gindaya sharaɗi: ba wanda zai mallaki gidan rediyo ko talabijin sai gwamnatin tarayya, ko ta jiha, ko wanda shugaban ƙasa ya ba izini. A ƙarƙashin wannan tsari, aikin NBC shi ne ta karɓi takardun mai nema, ta tantance, ta miƙa shawara ta hannun ministan yaɗa labarai. Sa hannun ƙarshe na shugaban ƙasa ne. Mai neman kafa katafaren gidan talabijin na ƙasa baki ɗaya da ƙungiyar manoman da ke son tashar da ba za ta wuce ƙaramar hukuma ɗaya ba, duk layi ɗaya suke bi.

Babu inda aka rubuta cewa dole a amsa wa mai nema cikin kwana kaza. Saboda haka lasisi ba ya fitowa ɗaya bayan ɗaya gwargwadon cancantar kowane mai nema; a dunƙule yake fitowa, lokacin da fadar shugaban ƙasa ta ga dama. A watan Satumban 2021, alal misali, aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da sababbin lasisi 159 a lokaci guda, na kamfanoni da al'ummomi da manyan makarantu. Wanda takardarsa ta shiga washegarin irin wannan sanarwa, sai ya zauna jiran zagaye na gaba, wanda ba shi da rana.

Shekara goma sha biyu ana jiran takarda

Tarihin fafutukar rediyon al'umma ya isa shaida. A 2001 aka amince da Yarjejeniyar Watsa Labarai ta Afirka a birnin Windhoek na Namibiya, wadda ta ce ya kamata kowace ƙasa ta samu rukuni uku na tashoshi: na gwamnati mai yi wa jama'a hidima, na kasuwanci, da na al'umma. A 2003 ƙungiyoyin farar hula suka ƙaddamar da gangamin neman rukuni na ukun a Najeriya, ƙarƙashin jagorancin cibiyar Institute for Media and Society da ke Legas tare da Panos da AMARC, ƙungiyar gidajen rediyon al'umma ta duniya. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin tsara manufa ƙarƙashin marigayi Farfesa Alfred Opubor, kwamitin ya miƙa rahotonsa kafin ƙarshen shekarar. Rahoton ya kwanta a ofis.

A watan Oktoban 2010, a taron Africast da aka yi a Abuja, aka sanar da cewa Shugaba Goodluck Jonathan ya miƙa wa NBC ikon ba da lasisin rediyon al'umma ba tare da komawa gare shi ba. Masu fafutuka suka yi murna. Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, ba a ba kowa ba. Sai a watan Mayun 2015, ana saura 'yan kwanaki Jonathan ya sauka daga mulki, aka fitar da sunayen al'ummomi 17 da aka amince wa a faɗin ƙasar. Tashar Lavun da ke Kutigi a jihar Neja na cikin waɗanda suka fara hawa iska daga wannan rukuni. Tsakanin fara gangami da fitowar lasisin farko, shekara goma sha biyu ke nan, kuma a tsawon wannan lokaci ana kiran Najeriya ƙasa ɗaya tilo a Afirka ta Yamma da ba ta da rediyon al'umma na gaskiya.

Darasin 2010 a bayyane yake. Ikon da aka miƙa da baki a wurin taro, ba tare da an taɓa kundin tsarin mulki ko dokar NBC ba, jami'in da ke ƙasa ba zai yarda ya yi amfani da shi ba, domin ya san ranar da aka samu matsala shi za a tambaya. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Manyan makarantu ne suka fara samun sassauci. Jami'ar Legas ta samu lasisi a 2002, zuwa 2009 kuma, a zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, adadin makarantun da aka ba ya kai 27. Tashoshin Jami'ar Bayero a Kano da Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru sun horar da ɗalibai masu yawa da ke riƙe da makirfo a yau. Duk da haka, tashar jami'a ta hukumar jami'a ce. Shugaban makaranta ke naɗa mai gudanar da ita, zangonta kuma an tsara shi ne domin harabar makaranta. Ba ta maye gurbin tashar da makiyayi da ungozoma da mai unguwa ke da kujera a kwamitinta.

Bayan lasisi, sai gini

A ɗauka wata ƙungiyar ci gaban unguwa a Gobarau ta haye duk waɗannan matakai: ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin ƙungiyar amintattu, ta sayi fom, ta jira, sunanta ya fito. Abin da ta samu amincewa ce ta wucin gadi. Akwai wa'adin biyan kuɗi, akwai kuma wa'adin fara watsa shirye-shirye. Kuma NBC ta nuna cewa ba wasa take yi da waɗannan wa'adi ba. A watan Maris na 2017, lokacin da Is'haq Modibbo Kawu ke shugabancinta, ta soke lasisi 54 na waɗanda suka kasa biya cikin kwana 60, ta kuma ce akwai wasu 120 da suka biya amma suka kasa hawa iska cikin shekara biyu, su ma ana shirin soke nasu. Waɗannan alƙaluma sun haɗa da kamfanonin kasuwanci masu jari. Idan masu jari sun kasa cika shekara biyu da irin wannan yawa, ina ga ƙungiyar da karo-karo take yi?

Cikin shekara biyun nan, ga abin da ke gaban ƙungiyar. Zangon FM a miƙe yake tafiya kamar haske, tudu ko dogon gini na iya tare shi, saboda haka tsawon turken eriya ya fi ƙarfin na'ura muhimmanci. Kafa dogon turke kuma yana buƙatar fili mai takarda, da izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha, da takardar amincewar Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, musamman a birni irin Katsina mai filin jirgi. A tsohon gari kamar Gobarau, inda gidaje ke manne da juna, lunguna kuma ba sa ɗaukar babbar mota, da wuya a samu inda za a kafa turken. Dole a kai shi bayan gari, a haɗa shi da ɗakin watsa shirye-shirye ta wata na'urar daban, wadda ita ma kuɗi ce. Kowace hukuma da fom ɗinta da layinta, ba wadda ta damu da agogon NBC.

Sai batun kayan aiki. Na'urar watsawa, eriya, waya mai kai sauti sama, teburin haɗa murya, kusan duka daga waje ake shigo da su, da dala. A 2015, lokacin da aka ba da lasisi 17 ɗin nan, dala tana kan naira 197 a farashin gwamnati. A 2024, bayan an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta haura 1,500. Kayan da kuɗinsu ya kai dala 10,000, waɗanda a da naira miliyan biyu za ta saya, sun koma miliyan 15. Duk watan da takarda ta ƙara kwana a kan teburin wani jami'i, kasafin da aka tara a masallatai da majalisu yana narkewa. Ƙungiyar da ta tara kuɗinta kafin ta nemi lasisi, lasisin zai same ta kuɗin ba su isa ba. Wadda ta jira lasisi kafin ta fara tarawa, wa'adi zai cim mata.

Na ƙarshe, wuta. Tasha ba ta iya dogara da KEDCO kaɗai, a ƙauyuka da yawa ma babu layin gaba ɗaya. Man dizal da ake saye ƙasa da naira 300 lita a 2021 ya haura naira 1,000 cikin shekara uku, har manyan tashoshin kasuwanci suka riƙa rage sa'o'in aiki. Sola ce mafita ga ƙaramar tasha, amma farantai da batura kuɗi ne da ake biya tun farko, a dunƙule, daidai lokacin da aljihun ƙungiya ya fi bushewa.

A gefe guda kuma, ƙa'idojin NBC sun taƙaita inda rediyon al'umma zai samu kuɗi: gudummawar 'yan ƙungiya, kyauta da tallafi, da ƙananan sanarwar cikin gari. Dalilin taƙaitawar mai kyau ne, domin kada tashar ta rikiɗe ta zama shagon wani. Amma idan aka hana mutum hanyar samun babban kuɗi, sannan aka gindaya masa wa'adi irin na mai babban kuɗi, an ba shi da hannun dama an karɓe da na hagu.

Alkalin wasan da kansa yana gaban kotu

Ko tasha ta hau iska, ba ta tsira ba, domin dokokin filin su kansu ana jayayya a kansu. A ranar 19 ga Agustan 2022, NBC ƙarƙashin Balarabe Shehu Ilelah ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin da ya haura naira biliyan biyu da rabi. A jerin akwai AIT da Raypower da Silverbird, akwai kuma gidajen rediyo da talabijin na gwamnatocin jihohi da dama, har da na jihar Katsina. Bayan ce-ce-ku-ce da shiga kotu, hukumar ta dakatar da matakin. Gwamnatocin da ke da baitulmali sun kasa biyan kuɗin sabunta lasisi, kuma suna da lauyoyi da waya zuwa Abuja da za su kare su. Tashar ƙauye ba ta da ko ɗaya.

Batun tara ma haka. A farkon 2022 hukumar ta dakatar da shirin Idon Mikiya na Vision FM na tsawon wata shida, ta kuma ci tashar tarar naira miliyan biyar, saboda tattaunawar da aka yi kan shugabancin hukumar leƙen asiri ta NIA. A watan Agustan wannan shekara ta ci Trust TV tarar miliyan biyar kan wani shirin bincike game da 'yan bindiga. A ranar 10 ga Mayun 2023, a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar, Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke cewa NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin zama mai ƙara kuma alƙali, ya soke tarar naira 500,000 da ta ɗora wa kowace daga tashoshi 45 a 2019. Ga babbar tasha, tarar miliyan biyar ciwon kai ne. Ga rediyon al'umma, kuɗin man shekara ne, watau rufewa. Tashar da ta san haka, kuma a yankin da babban labarinsa shi ne hare-hare, za ta koyi yin shiru tun kafin a ce ta yi.

Sannan ga gwamnoni. A watan Oktoban 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta rufe tashoshi da dama a Gusau, har da NTA da Pride FM na tarayya, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa. NBC ta ce matakin ya saɓa doka, gwamnatin ta janye. A 2025 Gwamna Umaru Bago na Neja ya ba da umarnin rufe Badeggi FM a Minna, har sai da ministan yaɗa labarai, Mohammed Idris, ya tuna masa cewa ikon lasisi na NBC ne. A takarda, gwamna ba shi da iko kan lasisi. A zahiri, takardar fili da izinin gini a hannun jiha suke, kuma waɗannan su ne abubuwan da sabuwar tasha ta fi buƙata kafin wa'adinta ya cika. Ba sai an rufe tasha ba idan ana iya barin fayil ɗinta ya kwana.

Tsoron da ke bayan jinkirin

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Masu ɗari-ɗari da yawaitar ƙananan tashoshi suna da hujja. Suna tuna rawar da wani gidan rediyo ya taka a kisan kiyashin Ruwanda a 1994. Suna tuna Kano a watan Fabrairun 2013, lokacin da aka harbe ma'aikatan rigakafin shan-inna kwanaki kaɗan bayan wani shirin Wazobia FM da ya soki rigakafin, abin da ya kai ga gurfanar da ma'aikatan tashar da dakatar da lasisinta. A jihar da ake zaman doya da manja tsakanin wasu manoma da makiyaya, kalma ɗaya a iska na iya tayar da gari. Akwai kuma fargabar cewa ɗan siyasa mai kuɗi zai fake da sunan al'umma ya kafa bakinsa, ko wani ɓangaren addini ya yi haka, duk da cewa dokar NBC ta haramta ba jam'iyya ko ƙungiyar addini lasisi.

Waɗannan haɗura gaskiya ne. Tambayar ita ce ko jinkiri na maganinsu. Shekarun da aka shafe ana riƙe lasisi ba su hana jita-jita yawo ba. Ta koma WhatsApp da Facebook da TikTok, inda babu edita, babu adireshi, babu wanda za a kira a tuhuma. Tashar al'umma tana da kwamiti da aka san mutanensa, tana da rikodin abin da ta watsa, tana da lasisin da take tsoron rasawa. Kuma tsarin da ke buƙatar haƙurin shekaru da sanin wani a Abuja, ɗan siyasa mai kuɗi ya fi kowa iya jure masa. Wanda tsarin ke tacewa ya zubar shi ne ainihin mutumin da aka ce domin shi aka yi abin.

Abin da ke tsallaken Jibiya

Ba sai an je nesa ba. Jamhuriyar Nijar, wadda ba ta kama ƙafar Najeriya a arziki ba, ta buɗe rediyon al'umma na farko a Bankilare cikin jihar Tillaberi a 1999, da na'urori masu aiki da hasken rana da tallafin hukumomin raya ƙasa. Cikin shekaru kaɗan adadin ya haura ɗari, a Maraɗi da Damagaram da Tawa da sauran jihohi, suna magana da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da harshen Buzaye. Abin da ya sauƙaƙa shi ne, hukumar kula da kafofin sadarwa ce ke ba da izini, ba sai takarda ta kai teburin shugaban ƙasa ba.

Nijar na da nata darasin mai ɗaci. Tashoshi da yawa sun yi shiru bayan masu tallafi sun tafi, baturi ya mutu, na'ura ta ƙone, babu mai gyara a kusa. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 kuma, sararin aikin jarida a ƙasar ya ƙuntata, an dakatar da RFI da France 24, daga baya BBC. Wannan na nuna cewa sauƙin lasisi kaɗai ba ya isa idan babu kuɗin ci gaba da aiki da kuma 'yanci. Afirka ta Kudu ta yi ƙoƙarin haɗa biyun: hukuma mai zaman kanta, ICASA, ke ba da lasisi, sannan tun 2002 akwai wata hukuma ta daban, MDDA, da ke tallafa wa kafofin al'umma da kuɗi da horo.

Abin da ya kamata a nema

Gyara na farko na majalisa ne. Duk lokacin da aka buɗe zaman gyaran kundin tsarin mulki, hankali kan tafi ga ƙirƙirar jihohi da 'yan sandan jiha. Sharaɗin da ke sashe na 39 ya kan wuce ba a taɓa shi ba. Ya kamata a cire sa hannun shugaban ƙasa daga lasisin ƙananan tashoshin da ba na riba ba, a rubuce cikin doka, domin abin da ya faru bayan 2010 ya nuna cewa alkawarin baki ba ya ba da lasisi. Ƙudirin sake fasalin dokar NBC da aka kai majalisa a 2023 ya fi jan hankali ne ta fuskar sa ido kan kafofin sada zumunta. 'Yan majalisar Katsina, sanatoci uku da wakilai 15, suna da damar tambayar me ya tanadar wa rediyon ƙauye.

Na biyu, wa'adi ya hau kan kowa. Idan mai nema na da kwana 60 ya biya, hukuma ma ta samu adadin kwanakin da dole ta ce e ko a'a, tare da dalili a rubuce da hanyar ɗaukaka ƙara. Agogon shekara biyu kuma ya tsaya duk lokacin da aka tabbatar cewa takarda na jiran wata hukumar gwamnati. Ba daidai ba ne a hukunta ƙungiya saboda jinkirin da ofishin gwamnati ya jawo.

Na uku, a buɗe littafi. NBC ta wallafa sunan duk al'ummar da ta nemi lasisi, ranar da ta nema, matakin da takardarta ta kai, da waɗanda aka ba amma ba su fara aiki ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman wannan a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ƙungiyar ɗalibai ɗaya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Hassan Usman Katsina ta isa ta rubuta wannan wasiƙa kan jihar Katsina kaɗai, ta kuma wallafa amsar, ko ta wallafa shirun.

Na huɗu na gwamnatin jiha ne, kuma bai buƙatar jiran Abuja. Jihar da ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023 saboda ta yarda cewa ɗan gari ya fi sanin dajinsa, ta riga ta amince da hujjar rediyon al'umma ko da ba ta faɗa ba. Za ta iya ware fili, ta yafe kuɗin izinin gini, ta bari ƙananan tashoshi su rataya eriyarsu a kan turakun gidan rediyon jiha, wanda zai cire kaso mafi tsada na ginin. Sharaɗin kawai shi ne taimakon ya kasance bisa ƙa'ida a rubuce ga duk wanda ya cancanta, kada ya zama igiyar da za a ja ranar da tasha ta faɗi abin da gidan gwamnati ba ya so.

Na ƙarshe na al'ummomin ne da kansu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyar da ke son tasha ta fara da abin da ba ya buƙatar lasisi: rajista, kundin tsarin da ya hana mutum ɗaya mallake ta, kujeru ga mata da matasa da makiyaya, asusu mai bayyanannen lissafi, da horar da masu gabatarwa ta hanyar sayen fili a tashoshin da ke akwai. Tashar da attajiri ɗaya ya gina wa gari a matsayin kyauta, ranar da ya tsaya takara za a gane ta wace ce.

Jihar Katsina na da ƙananan hukumomi 34, mafi yawan tashoshin da ke cikinta kuma a manyan birane suke, mallakar gwamnati ko 'yan kasuwa. Zaɓen 2027 na matsowa, 'yan takara za su sayi sa'o'i a waɗannan tashoshi su yi wa ƙauye magana. Tambayar da ta dace a yi wa kowannensu, a filin da ake buɗe layin waya, ita ce: wane mataki zai ɗauka, kuma cikin wata nawa, domin mutanen Batsari da Sabuwa su samu tashar da za su mayar masa da amsa?